Dokta Andrew Foster (1925–1987): Kurman da Ya Buɗe wa Kurame Ƙofar Aiki

Idan aka tambayi ɗalibanmu sunayen 'yan mishan da suka yi aiki a ƙasar nan, da yawa za su ambaci Mary Slessor ta Kalaba, ko Dokta Miller na Wusasa, ko Rowland Bingham na SIM. Kaɗan ne za su tuna da Andrew Foster, ko da yake aikinsa ya iso har cikin garin nan namu na Kaduna. Shi baƙar fata ne ɗan Amurka, kurma ne kuma tun yana ɗan shekara 11. A cikin shekara 30 da ya yi yana hidima a Afirka ya kafa makarantun kurame sama da 30 a ƙasashe 13, shi ya sa ake kiransa uban ilimin kurame na Afirka.

Mun zaɓi tarihinsa a bana domin yawancin waɗanda za su bar makarantar nan hankalinsu yana kan ƙarin karatu da neman aiki. Ya kamata su sani akwai tsaransu da ƙofar aiki take rufe gare su tun ba su ƙwanƙwasa ba, su kuma ga yadda wani bawan Allah ya bi ya buɗe ta.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Andrew Jackson Foster ranar 27 ga Yuni, 1925, a Ensley, wata unguwar masu aikin ƙarfe da ke Birmingham ta Jihar Alabama, a kudancin Amurka. Mahaifinsa ma'aikacin haƙar gawayi ne. A wancan zamani dokar jihohin kudu ta raba baƙi da farare a kowane abu: makaranta dabam, asibiti dabam, wurin zama a mota dabam, har ma majami'a dabam. Yaro baƙar fata ɗan talaka ya riga ya san iyakar inda za a bar shi ya kai.

Yana ɗan shekara 11 sai ciwon sanƙarau ya kama shi tare da ƙanensa. Allah ya tashi kafaɗunsu, amma dukansu biyu suka tashi ba sa ji. Mu a Arewa ba baƙon ciwo ba ne a gare mu. Duk lokacin bazara muna jin labarinsa, kuma a annobar 1996 kaɗai mutum sama da 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu. Cikin waɗanda suka tsira akwai da yawa da ciwon ya tafi da jinsu. Saboda haka abin da ya sami gidan su Foster ya sami gidaje da dama a unguwanninmu.

Aka kai shi makarantar kurame baƙaƙe da ke garin Talladega. A can ya koyi maganar hannu ta Amurka, ya ci gaba da karatu da rubutu. Sai dai makarantar ba ta kai matsayin sakandare ba, domin hukuma ba ta ga dalilin da kurma baƙar fata zai yi dogon karatu ba. Da ya gama abin da ake koyarwa a wurin, babu aji na gaba da zai shiga.

Aiki da rana, karatu da dare

A 1942, yana ɗan shekara 17, ya koma birnin Detroit ta Jihar Mishigan wurin 'yar'uwar iyayensa. Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu suke kira Yaƙin Hitila. Samari sun tafi fagen daga, masana'antun ƙera motoci sun koma ƙera kayan yaƙi, ana neman ma'aikata ido rufe. Sai kamfanonin da a da ba sa duban kurma suka shiga ɗaukar kurame. A garin Akron ma kamfanonin taya na Goodyear da Firestone sun ɗauki kurame masu yawa, suka kuma tarar aikinsu ba shi da makusa. Ƙarar injin da ke damun mai ji ba ta damun kurma, hannunsa da idonsa kuwa lafiya lau suke. Bayan yaƙi ya ƙare, sojoji suka dawo, da yawa daga cikin kuramen nan aka sallame su.

Foster ya ga wannan da idonsa, domin shi ma aikin ƙarfi yake yi a Detroit. Ya gane cewa kurma yana iya aiki tun asali, buƙata ce kawai ta sa aka yarda da hakan na ɗan lokaci. Ya kuma gane cewa wanda ba shi da takarda shi ake fara kora. Don haka ya riƙa aiki da rana yana karatu da dare. A 1950 ya sami difloma ta lissafin kuɗi da harkar kasuwanci a wata makarantar koyon kasuwanci ta Detroit. A 1951 ya kammala sakandare ta hanyar karatu ta gidan waya: a aiko masa darasi cikin ambulan, ya yi, ya mayar. Yana da shekara 26 a lokacin. Ɗalibin da yake ganin ya makara saboda ya maimaita aji ɗaya, sai ya dubi wannan.

A Detroit ɗin ne kuma ya ba da kansa ga aikin Ubangiji. Yana zuwa sujada a wata ikkilisiya inda yake taimakon kurame 'yan'uwansa da Maganar Allah. Wata rana wani mai bishara da ya yi aiki a Jamaika ya zo ya ba da labarin halin da kurame suke ciki a can, ba makaranta, ba wanda ya taɓa gaya musu bishara. Wannan labari ya tsaya wa Foster a rai. Ya shiga bincike a kan Afirka, ƙasar kakanninsa, ya tarar abin ya fi haka muni.

Kwalejin Gallaudet

A wancan lokaci, a birnin Washintan akwai kwalejin kurame mai suna Gallaudet, wadda aka kafa tun 1864. Foster ya shiga a 1951. Karatun shekara huɗu ne, amma ya haɗa da darussan hutu ya gama a shekara uku. A 1954 ya karɓi digirinsa na fannin koyarwa, an kuma san shi a matsayin baƙar fata na farko da ya sami digiri a wannan kwaleji. A shekarar ce Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci cewa raba makarantun baƙi da na farare ya saɓa wa tsarin mulki. Bai tsaya nan ba. A 1955 ya sami digiri na biyu a fannin ilimin naƙasassu a Mishigan, a 1956 kuma ya sami wani a fannin aikin mishan a birnin Seattle.

Ga ilimi, ga kira, sai ya nemi ƙungiyoyin mishan su aike shi Afirka. Abin baƙin ciki, ba su karɓe shi ba. A lokacin yawancinsu ba sa aika baƙar fata, balle kuma kurma. Ya kamata mu faɗi wannan a fili ko da ba daɗin ji, domin a cikin gidan Ubangiji ne aka rufe masa ƙofa. Foster bai yi fushi ya bar ikkilisiya ba, bai kuma zauna yana jiran a canza ra'ayi ba, domin zomo ba ya kamuwa daga zaune. A 1956, da taimakon abokansa na Detroit, ya kafa tasa ƙungiyar mai suna Christian Mission for Deaf Africans, wato mishan na Kirista domin kuramen Afirka. Ya bi ikkilisiyoyi da tarurrukan kurame gari gari yana bayani yana tara gudummawa, har abin da ya samu ya isa kuɗin tafiya.

Gana da Nijeriya

Ya iso Afirka ta Yamma a 1957, shekarar da Gana ta sami 'yancin kai. A lokacin makarantun kurame a duk faɗin Afirka ba su wuce 12 ba, yawancinsu kuwa a ƙasashen Larabawa na arewa da Afirka ta Kudu suke. Wasu jami'an gwamnati da ya fara tuntuɓa sun nuna masa cewa kurame ba su da yawan da za a buɗe musu makaranta. Ba su san cewa a cikin gidaje ake ɓoye su ba. A unguwar Osu ta birnin Akra wata makarantar mishan ta ara masa aji, ya riƙa koyarwa bayan an tashi sauran yara. Ya fara da ɗalibai 'yan kaɗan. Kafin a jima iyaye suka riƙa kawo 'ya'yansu daga nesa, jerin masu jiran gurbi ya yi tsawo. Daga baya makarantar ta koma garin Mampong a kan tuddan Akwapim ta zama ta kwana. A garin nan ne daga bisani aka kafa makarantar sakandaren fasaha ta kurame.

Da makarantar Gana ta kafu sai ya bar ta a hannun waɗanda ya horar, ya taho Nijeriya. A 1960, shekarar 'yancin kanmu, ya buɗe makaranta a Ibadan. Kafin ƙarshen 1962 an buɗe wasu biyu, ɗaya a Inugu, ɗaya a nan Kaduna. Wato ya sa ƙafa a hedkwatar kowace jiha daga cikin jihohi uku na wancan lokaci, Yamma da Gabas da Arewa.

Sai mu tuna yadda Kaduna take a shekarun nan. Ita ce mazaunin gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Ofisoshi suna nan gefenmu na Doka, ana neman akawu da masu buga tafireta. An buɗe makarantar koyon fasaha a 1956, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968. A ƙetaren kogi, a Kakuri, masaƙar farko ta fara aiki a 1957, wasu kuma suka biyo baya. Samari suna ta kwararowa daga ƙauyuka suna samun aiki. Amma kowane irin aiki daga cikin waɗannan yana buƙatar mutum ya cike takarda, ya karanta umarni, ya fahimci abin da shugabansa yake nufi. Kurman da bai taɓa shiga aji ba an bar shi a baya, sai dako ko bara.

'Yan mishan sun riga sun yi ƙoƙari a kan wasu naƙasassu. SIM ta riƙe asibitocin kutare a Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa, SUM kuma ta buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953. Kurame ne ba a yi musu irin wannan tanadi ba. Dalili kuwa shi ne naƙasar kurma ba ta fitowa a ido. Yana tafiya da ƙafarsa, yana noma, yana ɗebo ruwa, sai a ɗauka ba ya buƙatar kome, ko kuma a ɗauka ba shi da hankalin karatu.

A Ibadan ne Foster ya yi aure a 1961. Matarsa, Berta Zuther, Bajamushiya ce, ita ma kurma, sun haɗu a wani taron kurame na duniya da aka yi a Jamus a 1959. Allah ya ba su 'ya'ya biyar, ta kuma zama abokiyar aikinsa har ƙarshen ransa.

Yadda ya tsara aikinsa

Abin da ya bambanta Foster da wasu shi ne tsarin da ya bi, mataki mataki.

Na farko, harshe. A zamaninsa makarantun kurame da yawa na Turai sun hana maganar hannu, sun dage sai yaro ya koyi karanta leɓe ya kuma furta kalma da bakinsa. Yara kan shafe shekaru suna fama da furta 'yan kalmomi, lissafi da sauran darussa suna jira. Foster ya yi amfani da duk abin da zai isar da saƙo: hannu, da rubuta haruffa da yatsu, da allo, da hoto, da magana ga mai sauran ji. A ganinsa ba a koya wa mutum sana'a sai an sami hanyar yi masa bayani.

Na biyu, karatu da rubutu da lissafi. Kurman da ya iya rubutu yana iya ciniki da kowa a kasuwa da biro da takarda, ya rubuta awon riga, ya karanta rasit, ya san in an cuce shi a lada.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne ya mai da kurame malamai. Bai cika makarantunsa da baƙi daga Amurka ba. Yakan zaɓi masu ƙwazo daga cikin kuramen ƙasa, ya horar da su, ya ba su aji, daga baya ya ba su makarantar gaba ɗaya. Wasu ya nema musu gurbi a Gallaudet. Daga cikinsu akwai Seth Tetteh-Ocloo na Gana, da Gabriel Adepoju wanda ya jagoranci ilimin kurame a Ilori, da Ezekiel Sambo wanda ya kafa makarantar kurame ta Jihar Filato a 1977. Ta haka koyarwa ta zama aikin albashi ga kurma, yaro kurma kuma ya tashi yana ganin babba irinsa da alli a hannu. Iyayen da suka fid da rai su ma suka gani.

Daga shekarun 1970 ya juya ga ƙasashen da Faransa da Beljiyam suka yi wa mulki. Ibadan ta zama cibiyar horo: a kawo kurame daga ƙasashe dabam dabam, a yi musu kwas na koyarwa da na Littafi Mai Tsarki, su koma gida su buɗe makaranta. Ta wannan hanya aka sami makarantu a Kwaddibuwa, Togo, Benin, Cadi, Kamaru, Sanagal, Burkina Faso, Gabon, Burundi da Zayar, wadda yanzu ake kira Kwango. Da yawa daga cikinsu an sa musu suna Iffata, kalmar da Yesu ya faɗa sa'ad da ya warkar da kurma a Markus sura 7. Kusan ko'ina ya kafa makaranta, ikkilisiyar kurame takan tashi a gefenta. A 1970 Gallaudet ta ba shi digirin girmamawa na dokta.

Akwai abin da masana suke yi wa aikinsa gyara a kai, bai kamata mu ɓoye ba. Maganar hannun da ya kawo ta Amurka ce, ita ce tushen wadda makarantun kurame na Nijeriya suke amfani da ita. Alhali kuwa kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun kaka da kakanni, har a Kano akwai sarautar Sarkin Bebaye. Wata Bajamushiya mai suna Constanze Schmaling ta yi bincike a kan wannan harshe a Kano, ta wallafa littafi a 2000. Yaɗuwar ta makaranta ta sa wasu suna raina ta gida. Gaskiyar magana, kurman Kaduna yana buƙatar duka biyu, ta makaranta domin jarrabawa da ofis, ta gida domin kasuwa da dangi.

Rasuwarsa

A farkon Disamba 1987 Foster yana gabashin Zayar kan aikin makarantu. Ranar 3 ga wata ya sami gurbi a wani ƙaramin jirgin sama mai zuwa Kenya. Jirgin ya faɗi a ƙasar Ruwanda, ba wanda ya tsira. Yana da shekara 62. Matarsa Berta ta ci gaba da riƙe mishan ɗin bayansa. A 2004 Jami'ar Gallaudet ta sa wa wani babban ɗakin taronta sunansa. Makarantu da yawa da ya kafa ba su mutu da mutuwarsa ba, domin tun yana da rai ya riga ya danƙa su ga masu su.

Abin da ya rage gare mu

An sami ci gaba tun daga zamaninsa. A 1977 aka kafa kwalejin horar da malaman naƙasassu ta tarayya a Oyo, a shekarar kuma aka buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, a 2020 kuma aka kafa hukumar da za ta kula da wannan. Doka abu ne mai kyau. Amma duk wanda ya bi titin Ahmadu Bello ko ya shiga babbar kasuwa ya san har yanzu akan miƙo masa 'yar takarda mai cewa mai ɗauke da ita kurma ne, a taimaka masa. Saurayi ne mai ƙarfi, hannunsa biyu lafiya. Sadaka za ta ci da shi yau, gobe kuma ya dawo.

A ikkilisiyoyinmu akwai teloli, da kafintoci, da makanikai, da masu walda, da masu gyaran waya, da masu aikin kwamfuta, da mata masu saƙa da kitso da toye-toye. Kusan dukan sana'o'in nan da ido ake koyonsu, yaro ya tsaya kusa da maigidansa ya ga yadda hannu yake tafiya. Idan kowane mai shago ya karɓi kurma ɗaya cikin yaran shagonsa, ya yi haƙuri da shi watannin farko, ya yaye shi kamar kowa, da an rage masu yawo da takarda. Zumuntar mata da ta maza suna iya haɗa kuɗin keken ɗinki ko akwatin kayan aiki ranar yaye, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dattawan ikkilisiya kuma su duba ko akwai mai fassara da hannu a lokacin sujada, domin wanda ba mu yi magana da shi ranar Lahadi ba, da wuya mu tuna da shi ranar Litinin da ake ɗaukar ma'aikata.

Iyayen da Allah ya ba su yaro kurma, kada su ɓoye shi, kada kuma su ce kuɗin makaranta a kansa asara ne. A kai shi makaranta da wuri, 'yan gida su koyi maganar hannu tare da shi. A kuma kula da rigakafin sanƙarau da na ƙyanda, a gaggauta kai yaro asibiti in zazzaɓi ya zo da sanƙarewar wuya.

Ku kuma ɗalibai, haruffan hannu 26 ne kacal, ana iya koyonsu a hutu ɗaya. Wata rana waninku zai zama shugaban ma'aikata, ko mai kamfani, ko hedimasta, takardar neman aiki ta kurma za ta zo teburinsa. A ranar ya tuna da yaron Alabama wanda aka ce karatunsa ya ƙare a firamare, ya duba abin da mai takardar ya iya kafin ya duba abin da ya rasa. Ubangiji ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.